Darasin sanin ƙasa: Azagor, inda gona ta haɗu da makiyaya

Darasin wannan wata ya shafi Azagor, cikin gundumar Dakwaro, jahar Maraɗi. Malamin yaƙi da jahilci ya raba shi kashi uku ko huɗu, a karanta kashi ɗaya kowane zama. Wanda hannunsa ya faɗa ya karanta da ƙarfi, sauran su bi da yatsa. In an gama, a yi lissafi, a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Azagor ƙaramin wuri ne. Amma a yankinta ne gonaki ke ƙarewa, dajin kiwo ya fara. Manomi da makiyayi rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci. In sun zauna lafiya, kowa ya samu. In sun ɓata, kowa ya yi hasara. Shi ya sa labarin Azagor ya kamata kowa ya ji shi.

1. Ina Azagor take?

Ƙasar Nijar tana da jaha 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Jahar Maraɗi tana tsakiyar kudancin ƙasa. Daga kudu ta yi iyaka da Najeriya. Daga gabas akwai Damagaram, daga yamma akwai Tawa, daga arewa akwai Agadas.

Mai son zuwa Azagor daga Maraɗi zai bi ta Tibiri, ya yi arewa. Zai wuce Sabon Mashi da Kornaka, ya iso Dakwaro. Tafiyar kimanin kilomita 120 ce. Azagor tana arewa da Dakwaro, wajen da ake fuskantar Barmo da Gadabeji.

Azagor ƙaramar hukuma ce ta karkara, wadda mutane ke ce ma kwamin. Gundumar Dakwaro tana da kwamin 12. Ga sunayensu: Ajekoriya, Azagor, Badar Gula, Birnin Lalle, Dakwaro, Ɗan Gulbi, Korahan, Kornaka, Mayara, Rumbu, Sabon Mashi da Tagris.

A shekara ta 2012 an ƙidaya mutanen ƙasa duka. Ga abin da aka samu:

Nijar: mutum 17,138,707
Jahar Maraɗi: mutum 3,402,094
Gundumar Dakwaro: mutum 630,421
Kwamin ta Kornaka: mutum 140,009
Kwamin ta Dakwaro: mutum 71,201
Kwamin ta Rumbu: mutum 13,330
Kwamin ta Azagor: mutum 5,565

Ke nan a wannan ƙidaya Azagor ce ƙarama cikin goma sha biyun. Kornaka ta ninka ta wajen sau 25. Dalili a fili yake. A kudu ruwan sama ya fi yawa, gonaki sun haɗe, garuruwa kusa da kusa. A arewa ruwa kaɗan ne, dole mutane su warwatsu, don bisashe su samu wurin kiwo.

2. Ƙasa da ruwa da itace

Yawancin ƙasar yankin jigawa ce, rairayi mai sauƙin noma. Hatsi da wake suna son ta. Amma ba ta riƙe ruwa, kuma in aka sare itacen da ke kanta iska na kwashe ta.

Babban abin da ya raba ƙasar shi ne kwarin Tarka. A zamanin da, can da nisa, Tarka gulbi ne mai gudu. Yanzu ya mutu, sai kwari mai faɗi ya rage. Ya taso daga gabas, wajen Damargu, ya ratsa ƙasar Dakwaro, ya gangara wajen Madawa, inda ake noman albasa cikinsa. Da damana ruwa na kwanciya cikin kwarin, tabkuna su cika, ciyawa ta fito. Da rani bisashe na samun inuwa da ganye a wurin. A kudu kuma akwai wani mataccen gulbi, Gulbin Kaba, mai yawan goriba.

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba bisa fili mai mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi. A shekara mai matsakaicin ruwa, yankin Dakwaro na samun milimita 300 zuwa 400. Maraɗi ta fi haka. Barmo ba ta kai haka ba. Kuma yawan ruwa kaɗai ba ya kawo hatsi. In ya zuba sau uku da ƙarfi, sannan ya ɗauke kwana ashirin, shuka ta ƙone ko da lissafin shekara ya cika.

Shekara ta kasu huɗu. Damana gajera ce, daga Yuni ko Yuli zuwa Satumba. Kaka na biye, lokacin girbi. Sai ɗari, da iska mai ƙura, daga Disamba zuwa Fabrairu. Sai bazara mai zafi, lokacin da rijiya ke ja baya, ciyawa ta ƙare, bisashe su rame.

Itatuwan yankin masu haƙurin ƙishirwa ne: aduwa, magariya, ƙandili, bagaruwa, jiga, anza, sabara da kalgo. Kowane da aikinsa. Aduwa na ba da ƴaƴa da mai. Ganyen jiga abinci ne ga mutum da raƙumi. Anza kuwa, tsofaffi sun san ta: a shekarun yunwa ana jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, a dafa a ci. Cikin ciyayi akwai ƙarangiya. Tana sukar ƙafa, amma tana ƙosar da shanu.

Ban da cikin kwari, rijiyoyin yankin suna da zurfi ƙwarai. Ba a jan ruwansu da hannu kaɗai. Raƙumi ko sa ko jakai ke jan wasaki, yaro na kora su, manya na zuba ruwa a kwami. Mai garke babba yana iya wuni a bakin rijiya.

3. Tarihin yankin

Ƙasar Dakwaro tsohuwar hanya ce. Gobirawa, da suka baro Abzin, sun zauna a Birnin Lalle, suka yi sarauta a wurin kafin su ci gaba zuwa kudu maso yamma. Daga baya babban birninsu ya zama Alkalawa. Alkalawa ta faɗi a 1808, lokacin jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo. Bayan haka Gobirawa suka kafa Tibiri, Katsinawa suka zauna Maraɗi. Har yau Birnin Lalle na nan kusa da Dakwaro, kuma ɗaya ce cikin kwamin 12 da aka lissafa.

Abzinawa sun daɗe suna kiwo a yankin Tarka. Ayarinsu na sauko da gishiri da dabino daga arewa, su koma da hatsi da tufafi. Fulani ma sun shigo da shanunsu, suna neman daji mai faɗi, saboda gonaki sun matse su a kudu.

A zamanin yaƙe-yaƙe, manomi ba ya yarda ya yi nisa da birni mai ganuwa. Da yaƙi ya kwanta, cikin mulkin Faransa, sai manoma suka fara yin arewa. Mutum zai gina rijiya, ya share gona, danginsa su biyo shi. Shi ya sa garuruwa da yawa na ƙasar Dakwaro ke ɗauke da sunan wanda ya kafa su: Gidan wane, ko Garin wane. A 1947 Turawa suka buɗe bariki a Dakwaro, don su riƙa kula da manoma da makiyaya na arewacin Maraɗi.

Nijar ta zama jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958. Ta samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960.

Azagor ta zama kwamin bisa dokar 2002, wadda ta raba ƙasa duka zuwa ƙananan hukumomi. An yi zaɓen farko na wakilan kwamin a watan Yuli 2004, wakilai suka zaɓi magajin gari. A 2011 aka cire Barmo da Gadabeji daga Dakwaro, suka zama gundumar Barmo. A watan Afrilu 2024 gwamnati ta rushe majalisun kwamin na ƙasa duka, ta naɗa kantomomi su riƙe aikin.

Sarautar gargajiya tana nan tare da hukuma. Mazauna gari suna da mai gari, sama da shi akwai sarkin kanto. Makiyaya suna da shugaban zuriya, kamar arɗo wajen Fulani, sama da shi akwai sarkin rukuni. Su ne ke fara jin ƙara, su sasanta mutane.

4. Iyakar noma ta 1961

Shekarun 1950 sun yi ruwa sosai. Manoma suka ga hatsi na yi har inda da ba a shuka. Gujiya kuma ta cinye gonaki a kudu, saboda ita ke kawo kuɗin haraji. Sai gonaki suka yi ta hawa arewa, suna cin makiyaya.

Gwamnatin Jori Hamani ta ga haɗarin. A watan Mayu 1961 aka yi doka mai lamba 61-05, wadda ta shata iyakar noma ta arewa. Kudu da iyakar, ƙasar noma ce. Arewa da ita, ƙasar kiwo ce. Dokar ta hana buɗe sababbin gonakin damana a arewa, sai ɗan abin da makiyayi zai shuka don bakinsa. Ta kuma ce, wanda ya yi gona a ƙasar kiwo, in bisa ta ci, ba a biyan shi. A ƙasar Dakwaro, kwarin Tarka ne aka saba ɗauka a matsayin wannan iyaka.

Amma mutane sun ƙaru. A ƙidayar 1977 ƴan Nijar sun ɗan wuce miliyan 5. A 1988 sun wuce miliyan 7. A 2001 sun kai miliyan 11. A 2012 sun wuce miliyan 17. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau ɗiya biyar ke rabonta. Wanda bai samu ba sai ya yi arewa. Makiyayin da fari ya kashe ma garke, shi ma ya ɗauki hauya. Haka gonaki suka ƙetare iyakar a wurare da yawa.

Nan ne wuyar take. Manomin da ya ƙetare iyaka yunwa ce ta kore shi. Makiyayin da ya tarar da gona bisa hanyar tabki, shi ma ba shi da wata hanya. Kowa da gaskiyarsa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa.

5. Shekarun wahala

Tsofaffi ba su manta da shekarun yunwa ba, har suna suka ba su. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba.

Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe bisashe ba iyaka. Masu garke da yawa sun wayi gari da sanda kaɗai. A cikin wannan hali ne soja suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, Seini Kunce ya zama shugaban ƙasa. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace.

Fari ya komo a 1984. Mutanen Maraɗi suna ce ma wannan yunwa El Buhari, saboda a shekarar ce Najeriya ta rufe iyakarta, hatsi ya daina shigowa, bisashe suka rasa hanyar kudu. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Bayan farin, gwamnati ta ƙarfafa noman rani.

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka. A 2005 cimaka ta yi tsada, yara da yawa suka kamu da tamowa. A 2010 ciyawa ta ƙare tun kafin bazara. Bisashe suka rame, kuɗinsu ya faɗi ƙasa. Da ruwan farko ya zo da ƙarfi, waɗanda suka rage ba su da ƙarfin tashi, da yawa suka mutu.

Abu ɗaya ke maimaituwa kowane fari. Hatsi na hawa, bisa na faɗuwa. Akuyar da ke sayen buhu da kaka, da bazara rabin buhu ma sai an roƙa. Wanda ya sayar da ƴan bisashe tun suna da ƙiba, ya sayi hatsi da dussa ya ajiye, shi ke tsira da sauran garke.

Rikici ma yana da ranar baƙin cikinsa. A watan Oktoba 1991, a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, faɗan manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Toda ba ta cikin Dakwaro, amma jaha ɗaya ce. Duk wanda ke zaune inda gona ta haɗu da makiyaya ya riƙe wannan a zuciya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6. Zaman jama'a

Abzinawa da Fulani da Hausawa ke zaune a yankin Azagor. Wasu suna cikin gari, wasu a zango, wasu a ruga. Kowa da harshensa, Tamajak da Fulatanci da Hausa. A kasuwa da bakin rijiya, Hausa ce ta haɗa su.

Yau da wuya a samu gidan da ke noma kaɗai ko kiwo kaɗai. Manomi na da awaki da tumaki. Makiyayi na da ƴar gonar hatsi da wake. In damana ta ƙi, bisa ta ceci gida. In bisa ta mutu, rumbu ya riƙe mutane.

Da ruwa ya sauka, manyan garkuna na yin arewa, su bar gonaki su huta da su. Wasu na kai wa har Ingal, cikin jahar Agadas, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri mai gyara jikin bisa. A can ake babban taron makiyaya cikin watan Satumba. Da kaka, in an kwashe amfanin gona, sai su gangaro kudu. Bisashe su ci kara da harawa, su bar taki. Tun kaka da kakanni haka ake yi: makiyayi ya kwana a gona, mai gona ya ba shi hatsi, matan ruga su kawo nono su karɓi dawo.

Wannan tsohuwar amana ta yi rauni. Yanzu manomi na kwashe karansa, don nasa bisashen ko don sayarwa. Wasu na shiga daji da amalanke su share ciyawa, su kai birni. Makiyayi ya gangaro ya tarar da fili fayau.

Kasuwannin Dakwaro da Sakabal sun yi suna wajen bisashe. Fatake na sayen shanu da raƙuma da tumaki, su yi kudu da su, har Najeriya. Mata na kawo cuku, man shanu, tabarmi da igiya. Da rani samari da yawa na tafiya cin rani Maraɗi, Agadas, Najeriya ko Libiya, su komo shuka.

Akwai al'adun taimakon juna da ya kamata a riƙe. Fulani na da habbanaye. Mai garke zai ba wanda ya rasa aron karsana. Ta zauna wurinsa har ta haihu sau biyu ko uku, bisa al'adar wurin. Ƴaƴan nasa ne, uwar ta koma ga mai ita. Da haka wanda fari ya talauta ke sake tsayawa da ƙafarsa. Manoma kuma suna da gayya, ranar da gari duka ke taya mutum ɗaya noma.

Mata suna da asusu. A 1991, cikin jahar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da ƙungiyoyin da ake kira Mata Masu Dubara. Kowane mako mace na zuba abin da aka yi alkawari cikin akwati. Mai bukata ta ci bashi, ta yi sana'a, ta biya. Dubarar ta bazu Nijar duka, ta ƙetara zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. Abin da doka ta ce

Ran 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta tsara mallakar gona da amfani da daji da ruwa. Ran 20 ga Mayu 2010 aka ƙara da dokar kiwo. Ga manyan abubuwan da ke ciki:

Tafiya da bisashe neman ciyawa da ruwa haƙƙin makiyayi ne.
Iyakar noma ta 1961 tana nan, dokar 2010 ba ta soke ta ba.
Ƙasar kiwo ta jama'a ce. Ba mai ikon shinge ta ya ce tasa ce.
Burtali da makiyaya da hanyar tabki ba a noma su.
Hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki bayan girbi. Kafin ranar, makiyayi ya tsare bisashensa. Manomi kuma ya yi ƙoƙari ya kwashe amfaninsa kafin ta zo.
Wanda ya gina rijiya a ƙasar kiwo shi ke fara sha, amma ba ya hana baƙo shayar da garkensa.

Dokar ta kafa kwamitin kula da ƙasa, wanda ake kira kofo. Akwai na gari, akwai na kwamin, akwai na gunduma. A cikinsa akwai sarakuna, ma'aikatan gona da na kiwo da na daji, da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Kofo ke shata burtali, a kafa alamu. Kofo ke ba da takardar shaida in an sayar da gona, ko an ba da kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina.

In bisa ta yi ɓarna, ga hanyar da za a bi. Kada mai gona ya bugi makiyayi, kada ya sari bisa. Kada makiyayi ya gudu da dare. A kira shaidu. A kai magana ga mai gari ko arɗo. A je a ga ɓarnar da ido, a ƙiyasta ta da adalci. In an sasanta, a rubuta takarda, kowa ya sa hannu. In ba a sasanta ba, a hau zuwa ga sarki, daga nan sai gaban alƙali. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana.

8. Gyaran ƙasa

Ƙasar da ta gaji tana iya farfaɗowa. Jahar Maraɗi ta nuna ma duniya haka. Tun wajen 1984 manoma suka fara sassaben zamani, tare da wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo. Dubarar ba ta cin kuɗi. Lokacin sassabe, manomi ba ya tumɓuke kututture. Zai zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya tsare su daga wuta da gatari. Cikin ƴan shekaru sun zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya sake yin itace ta wannan hanya a kudancin Nijar. Itacen na tare iska, ganyensa taki ne, kuma mata sun huta da tafiya nesa neman makamashi.

Daga 2010 zuwa 2015 CARE ta yi wani aiki a Azagor, Rumbu, Badar Gula da Tagris, don taya mutane shirin zama da canjin yanayi. An kafa ma'aunin ruwan sama a garuruwa, ƴan gari da kansu ke dubawa su rubuta. Amfaninsa babba ne. In ruwan farko bai jiƙa ƙasa sosai ba, gara a dakata da shuka, kada iri ya lalace a banza. A inda damana ke da gajarta, iri mai saurin nuna ya fi, kamar hatsin HKP da ma'aikatar binciken gona ta INRAN ke yaɗawa.

Wuta ma abokiyar gaba ce. Shekarar da ciyawa ta yi kyau, ita ce shekarar gobarar daji. Guntun taba ko garwashin shayi na iya cinye kiwon wata shida cikin wuni ɗaya. Maganinta a share hanyoyi masu faɗi cikin daji tun da kaka, don wuta ta rasa abin kamawa.

Arewa da Azagor, cikin gundumar Barmo, akwai gandun dajin Gadabeji. An kafa shi a 1955, faɗinsa hekta 76,000. Raƙuman dawa sun ɓace daga wurin a shekarun fari. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyayewa. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka sake su a Gadabeji. Abin da ya ɓace ya komo, saboda an tsare wurin.

9. Ina amfanin karatu a nan?

An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci ta Nijar a 1963. Ana koyar da manya cikin harsunansu, har da Hausa da Tamajak da Fulatanci.

A wuri kamar Azagor, mai karatu ne ke duba ma'aunin ruwa ya rubuta. Shi ke riƙe littafin bankin cimaka, ya san tiya nawa ta shiga, nawa ta fita. Mace mai karatu ce ke rubuta zubin asusu, ba a cuci kowa ba. Mai karatu ba ya dangwala yatsa bisa takardar gona sai ya san abin da ke ciki. Yana karanta ranar allurar bisashe, da ranar sakin gonaki, ya faɗa ma maƙwabta. Yana kai ɗiyansa lakwal, maza da mata, ya yi masu takardar haihuwa.

Sababbin kalmomi

Ƙidaya: lissafin mutanen ƙasa duka, gida gida.
Kwamin: ƙaramar hukuma mai haɗa garuruwa da zanguna da rugage.
Milimita: ma'aunin ruwan sama.
Hekta: fili mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi.
Burtali: hanyar bisashe tsakanin gonaki.
Kofo: kwamitin da ke kula da gonaki da makiyaya da ba da takardun shaida.

Lissafi

1. Rumbu na da mutum 13,330, Azagor na da 5,565. Nawa ne in an haɗa su? Da nawa Rumbu ta fi Azagor?
2. Shekara nawa ke tsakanin dokar 1961 da dokar 2010?
3. Misali: a wani gari an auna ruwa milimita 40 a Yuni, 110 a Yuli, 150 a Agusta, 45 a Satumba. Nawa ne ruwan shekarar?
4. Misali: mata 25 na zuba dala 20 kowane mako. Dala nawa ke cikin akwati bayan mako 4?

Tambayoyi

1. Me ya sa mutanen Kornaka suka fi na Azagor yawa?
2. Mene ne kwarin Tarka? Wane amfani yake yi ma bisashe?
3. Me dokar 1961 ta hana? Me ya sa gonaki suka ƙetare iyakar?
4. In shanu sun shiga gona, wace hanya za a bi?
5. Yaya ake sassaben zamani?

Aikin mako

Kowane ɗalibi ya je wurin tsoho ko tsohuwa ta garinsu. Ya tambaya: wa ya kafa garin? Wa ya gina rijiyar farko? Ina burtali ya bi a da, ina yake yau? Wace yunwa suka gani, me ya cece su? Ya rubuta amsa layi biyar, ya kawo a karanta gaban jama'a. Malami ya tattara rubutun da ya fi kyau ya aiko ma jarida, domin a buga tarihin wasu garuruwan su ma.

Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kiyaye gona da garke.